Yaye a Magajiya, Karatu a Ingila

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, don katangar gidan nan ba ta da kauri. Kuna cewa Hajiya ta zaɓi digiri ta bar yayarku, shi ya sa ta tashi a gidan Gwaggo Hajo, shi ya sa a can aka yi bikinta. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin ba ku san shi ba, domin waɗanda suka sani duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni, ni kuwa ba a yi mana tarbiyyar zama da 'ya'ya ana ba su labarin kai ba. Yanzu tsufa ya sauke mini wannan nauyin. Ku karanta, in kun gama ku ci gaba da gulmarku, amma ku yi ta da ilimi.

A lokacin ba Suleja ake ce wa garin nan ba, Abuja ne sunansa, kuma ba wanda ya taɓa kawowa a ransa za a zo a karɓi sunan a kai wa wani gari. Ƙaramin wuri ne, in ka yi atishawa a bakin kasuwa sai a yi maka sannu a unguwar Magajiya. Ina koyarwa a makarantar 'yan mata da digirina na tattalin arziki da na yi a Zariya, abin da in mace ta yi shi a wancan zamani sai a riƙa leƙenta ta kan katanga. Babanku yana ma'aikatar ruwa. Yayarku tana gab da isa yaye, sai gwamnati ta zaɓi babanku ya je kwas na shekara biyu a Ingila, aka ce yana iya tafiya da iyalinsa. Mata suka yi ta shigowa yi mini murna, kowace sai ta ce za ki je ki huta, ki yi fari, ki dawo da akwatuna. Ni kuwa da na yi tunanin shekara biyu a ɗaki ɗaya ina jiran miji ya dawo daga makaranta, sai na ji kamar an ce mini za a kai ni gidan yari mai labule.

Akwai abin da ya daɗe yana damuna tun ina yarinya. Innata, wato kakarku, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi, daga cikin gida, ba ta taɓa taka kasuwa ba, amma har daga ƙauyen Garam mata ke zuwa da kaya a kafaɗa suna saye. Uwarta kuma rini ta yi, an ce ba a yi kamarta ba a unguwarsu. Ranar da ta rasu aka kife tukwanen, shi ke nan. Duk sana'ar da na gani a garinmu haka take, ranar da aka kai mai ita makwanci ranar ake binne ta. Amma in muka je Kaduna sai in ga manyan kantuna waɗanda masu kafa su suka mutu tun kafin a haife ni, kullum da safe ana buɗe ƙofa ana ciniki. Na so in san me suke yi da mu ba ma yi. Da babanku ya kawo mini ƙananan littattafan makarantu daga Kaduna don in duba, ya ɗora na karatun koyarwa a sama, na shekara ɗaya, mai sauƙi. Na zare na ƙasa, na digiri na biyu a kan tafiyar da harkokin kasuwanci, a garin da za shi, shekara biyu cur.

"Ke da za ki koma aji, me ya haɗa ki da karatun manajoji?" in ji shi.

"Malam, wa ya ce maka aji zan koma?"

Ya dube ni ya yi dariyar nan tasa ta hanci, wadda kuka sani. Babanku mutum ne da ba ya gardama da abin da ya ga ya riga ya tsaya da ƙafafunsa. Da kansa ya kai takardun neman gurbin gidan waya, da amsa ta zo kuma shi ya yi ta zirga-zirga ma'aikatar ilimi har aka yarda a biya mini. Inna ce ta ba ni aiki. Na same ta gaban kasko tana tuya, na gaya mata.

"Kasuwanci? Har sai an hau jirgi? Zo ki zauna nan gaban kaskon nan, in kin yi wata guda ni zan ba ki takardar."

"Inna, tuya kin iya. In ba kya nan fa, wa zai ci gaba?"

"Au, mutuwata kika fara lissafi? To Allah ya ba da sa'a, 'yar boko."

Ta faɗa da zolaya, amma ta sa albarka, kuma abin da na je nema ke nan.

Sai maganar yarinya. Matar wani abokin aikin babanku da ba ta daɗe da dawowa daga can ba ta zaunar da ni ta faɗa mini yadda ɗalibai ke yi. In miji da mata duk suna karatu, sai su kai yaro wurin wata Baturiya a ƙauye ta raine shi, ana biyanta, sai ƙarshen wata a hau jirgin ƙasa a je a gan shi. Ta ce ta ga yaran da suka manta harshen iyayensu, ba kuma wanda ya san abin da ake ba su su ci. Na ce ba da tawa ba. To saura hanya biyu: in tafi da ita in haƙura da karatu, ko in bar ta a gida cikin dangi. Na zaɓi in bar ta. Kada in yi muku ƙarya in ce na kwana ina kuka kafin in zaɓa. Ban yi ba. A ganina shekara biyu ce, yarinya tana hannun jininta, in na dawo in ɗauki abata.

A nan sai na yi muku bayanin abin da ku ba ku tashi kuka tarar ba. Ku da kuke rungume 'ya'yanku kuna kiran sunansu a gaban surukai, ba za ku gane kunyar ɗan fari ba. A zamaninmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. In ya faɗi a tsakar gida, wata ce za ta ɗaga shi, ke sai ki kau da kai. Goyo ma sai a ɗaka; in za a fita unguwa wata ke goya shi. Digirina bai cire ni daga wannan ba, don a cikinta aka raine ni, kuma duk bakina ban taɓa ƙetare ta ba. Sa'an nan in lokacin yaye ya yi, ba a hannun uwa ake yi ba, wurin kaka ko gwaggo ake kai yaro ya manta da nono. Kakarku ta wajen uba ta riga ta rasu, sunanta ma yayarku ta ci. Don haka ba a yi wata shawara ba, kowa ya san gidan Yaya Hajo za a kai ta, yayar babanku, da ke aure a Magajiya tana sana'ar fura. Yaya Hajo ta haihu ba sau ɗaya ba, amma ba wanda ya zauna.

Yayen da tafiyar suka zo lokaci ɗaya. Da muka je yi mata ban kwana, na shirya abin da zan faɗa tun daga gida, ɗan gajere ne: Yaya, ki riƙe mana ita har mu dawo. Muka tarar da tsakar gida cike da mata, maƙwabta da masu sayen fura, yarinyar kuma tana bayan Yaya Hajo tana barci. Babanku ya durƙusa ya ce, "Yaya, ga uwarki nan, mu za mu tafi." Na buɗe baki, sai na ga idanu a kaina. Uwar 'yar fari ta tsaya gaban mutane tana sharaɗi a kan 'yarta? Na haɗiye maganar.

"Amarya, ki tafi hankalinki kwance," in ji Yaya Hajo. "Uwata ta zo gida."

Na ce na gode, na fito ko waiwaye ban yi ba, matan suna yaba kunyata.

Ingila kuwa, in ban da sanyi da rashin yaji, ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Garin na masaƙu ne, hayaƙi ya baƙanta bangon gidajensa. A ajinmu ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce baƙa. Sauran duk manyan maza ne da suka baro ofisoshinsu, wasu sun haife ni. Karatun ba irin na Zariya ba ne da malami zai yi ta zuba kana rubutawa. Labarin wani kamfani da ya shiga uku za a ba ku, ku je ku karanta, gobe malami ya nuna ka da bututun tabarsa ya ce, kai ne manaja, me za ka yi? Duk abin da ka faɗa sai 'yan aji su taso maka. Da farko ba ya nuna ni, wai don kada ya ba ni kunya. Na gaji na ɗaga hannu da kaina. Ashe abin da aka yi ta yi mini faɗa a kansa tun ina ƙarama, wato gardama, a can maki ake ba shi. Lissafin kuɗin kamfani ne ya so ya kayar da ni a zangon farko, na zauna masa har ya saki. Darasin da ya fi ba ni dariya shi ne na yadda ake ciniki da sasantawa. Manyan mutane da gemu suna koyon taya da albarka a kan allo, abin da 'yar talla ta iya tun ba ta yi wayo ba. Amma na sami amsar tambayata. Sana'ar da duk sirrinta ke cikin kan mutum ɗaya tare za su tafi. Wadda aka rarraba aikinta, aka koya wa wasu, aka raba aljihunta da na mai ita, ita ke zama. A kan wannan na rubuta kundina, kuma na fito da sakamakon da malamin nan mai bututu sai da ya cire shi daga baki ya yi mini barka.

Kewa kuwa na yi ta, kuma ba ni da wurin kai ta. Wasiƙar gida a zaure ake karanta ta da ƙarfi, don haka ba yadda zan rubuta in tambayi lafiyar yarinya. Sai dai in jira ƙanin babanku ya saka a ƙarshen tasa cewa kowa lafiya har da mutuniyar Yaya. In na shiga kanti na ga yarinyar da nake jin sa'arta ce, sai in bi ta da ido in auna tsawonta, in sayi riga daidai ita. Haka na tara akwati guda.

Da muka dawo mun tarar garin ya fara canzawa. Ana ta maganar sabon babban birnin ƙasa da za a gina a kusa, har da cewa sunan garinmu za a ba shi. Masu awon ƙasa sun cika gari da motocinsu, baƙi daga Kano da Zariya da kudu suna bi gida-gida suna neman ɗakin haya. Ina gani na san mutanen nan bulo za su nema, kuma a kan haka na kafa kamfanin da ya biya muku kuɗin makaranta, wanda yau shekara da shekaru ban leƙa ofishinsa ba amma kullum ana buɗe ƙofa. Wannan labarin wani babi ne. Abin da ke gabana a makon farko shi ne Magajiya.

Mun same ta ta yi wayo, ta yi tsawo, bakinta ya buɗe. Tana ganinmu ta ɓuya a bayan zanen Yaya Hajo, wadda take ce wa Iya. Yaran gidan, 'ya'yan dangin mijinta, suna ce wa babanku Kawu, ita ma sai ta bi su. Ni kuma na zama matar Kawu. Aka yi dariya, ni ma na yi. Na koma gida na jira a kawo ta. Mako ya wuce, wata ya wuce, ba wanda ya ce uffan. Sai a lokacin na gane abin da kowa a garin ya gane tun ranar ban kwana: an kai 'yar fari yaye gidan gwaggon da ba ta da ɗa, iyaye sun tafi ba su ce komai ba. A wurinmu wannan kyauta ce, ba ta bukatar shaida.

Na tuntuɓi babanku, ya sunkuyar da kai ya ce, "Da wane bakin zan je wa Yaya da wannan?"

Na je wa Inna, ta ajiye matankaɗi ta dube ni. "'Yar fari? Ki je ki ce a ba ki? Kada ki ja mana abin faɗa a garin nan. Wasu na tafe, ki yi haƙuri."

Ban yi haƙurin ba. Mace ce ni da ta tsaya gaban aji cike da Turawa ta kayar da su, ba kunya ce za ta hana ni 'yata ba. Na shirya hujjojina tsaf kamar yadda aka koya mana, na zaɓi lokacin da masu sayen fura suka watse, na tafi ni kaɗai. Na sami Yaya Hajo tana mulmula fura a cikin garin gero. Na gaishe ta, na ce makaranta nake so a sa yarinya, kuma ta fi kusa da gidanmu. Ban kai ga hujja ta biyu ba ta ɗaga mini hannu.

"Amarya, bar kewaye-kewaye. Ashe aro kuka ba ni?"

"Ajiya ce, Yaya."

"To ai ba ki faɗa ba." Ta ci gaba da mulmula wadda ke hannunta har ta fi sauran santsi. "Ba a hana uwa abin da ta haifa. Ki je, gobe zan kawo miki ita."

Ta cika alkawari. Da hantsi sai ga su, an yi wa yarinya wanka da sabon kitso, Yaya Hajo ɗauke da ƙunshin kayanta da 'yar tasarta da 'yar kujerarta ta tsugunne. Ta tsaya a tsakar gida tana gaya mini abubuwa kamar mai ba da amanar shago: ba ta son kuɓewa, tana tsoron agwagwa, kuma ba ta barci sai ta kama kunnen mutum. Sa'an nan ta ce wa yarinyar, "Uwata, zauna wurin matar Kawu, zan je kasuwa in dawo." Ta fita da sauri, mayafinta na jan ƙasa.

Da ta yi ihu da birgima, da na san yadda zan yi da ita. Ba ta yi ba. Ta ɗauki kujerarta ta kai bakin zaure ta zauna tana kallon hanya. Na buɗe akwatin rigunan Ingila, rabinsu sun yi mata kaɗan, sauran ta bari na sa mata ba ta ko duba ba. Na dama koko, na soya ƙwai, na fito da 'yar tsana mai rufe ido. Sai ta karɓa da hannu biyu, don an koya mata ladabi, ta ajiye a gefe. Safe da yamma tambayarta ɗaya ce.

"Matar Kawu, Iya ta dawo daga kasuwar?"

Na ce wa kaina yaro ne, zai manta. Kwanaki suka tafi, ƙashin wuyanta ya fara fitowa, sai zazzaɓi. Muka kai ta asibiti, aka duba aka ce ba a ga komai ba, a dai samu ta ci abinci. Daga Magajiya kuma labari ya zo cewa Yaya Hajo ta daina fura, tana ɗaka a kwance, ta ce ciwon kai ne. Babanku ya shiga ya fita, bai ce mini komai ba, Inna ma ba ta aiko ba. Ina so ku riƙe wannan da kyau: ba wanda ya sa ni. Karatu shekara biyu kawai ya ɗauke ni, kuma da za a mayar da ni baya da na sake hawa jirgin nan. Abin da ya biyo baya ni na yanke shi, ido buɗe, kuma shi ne abu mafi ciwo da na taɓa yi a rayuwata.

Bayan azahar na ɗauko zanen goyo, na je bakin zaure na durƙusa a gabanta na ba ta baya.

"Hau, mu je wurin Iya."

Ta hau. Ta wuce goyo a shekaru, amma ba ta da nauyi. Na fito da ita titi da rana tsaka, ni da ban taɓa goya ta ko zuwa ƙofar gida ba. Matan unguwa suka bi ni da kallo, na ji wata tana cewa, ikon Allah, Malama ce da 'yar fari a baya. Ban kula su ba. Akwai gajeriyar hanya ta lungu, na ƙi ta, na bi ta bakin kasuwa wadda ta fi nisa. Muna cikin tafiya na ji ta kwantar da kai a wuyana, jikinta zafi rau, sai ɗan hannunta ya lallaɓo ya kama kunnena. Na rage sauri.

Na yi sallama, na tarar da maƙwabta sun zo duba mai jiki. Ban jira su fita ba. Yaya Hajo ta tashi zaune a kan gado, ɗankwalinta a karkace. Na kwance goyon na ɗora mata yarinyar a cinya.

"Yaya, wancan karon ban yi magana ba. Yau da bakina nake faɗa, a gaban mutane. Na ba ki ita."

Yaya Hajo ta miƙa hannu biyu. Ta rungume ta tana shafa kitson da ita ta yi mata, hawaye na bin fuskarta. Can ta ce a kawo tuwon da ya rage. Na zauna a bakin ƙofa na ga yarinyar da ta ƙi cin komai a hannuna tana karɓar loma bayan loma, tana ci tana gyangyaɗi. Da ta ƙoshi sai ta ɗago kai, ta nuna ni da yatsa.

"Iya, matar Kawu ce ta kawo ni gida."

Na ce, "Ni ce."

Na naɗe zanen goyon, da sauran ɗuminta a jikinsa, na sa a hammata na kama hanya.